Yadda Ake Zaɓa wa U-Boot Wurin Ajiye Saitinta

A cikin rautar intanet, ko kyamarar tsaro, ko bod ɗin da ke lura da injin masana'anta, akwai ƙaramar manhaja da ke riga Linux farkawa duk lokacin da aka kunna wuta. Ita ke daidaita RAM, ta nemo kanel, ta loda shi, sannan ta miƙa masa ragama ta ja gefe. A da yawa daga irin waɗannan na'urori da aka gina kan ARM da MIPS, U-Boot ce ke wannan aiki. Wolfgang Denk, wani injiniya Bajamushe, ya fitar da ita a shekarar 2000 da sunan PPCBoot, aka sauya mata suna a 2002 bayan ta wuce PowerPC ta shiga wasu firosesa. Denk ya rasu a 2022, amma tsarin da ya bari na ajiye saiti yana nan kusan yadda yake.

Masu aikin suna kiran wannan saiti env. Jerin sunaye ne kowanne da ƙimarsa: bootcmd shi ne umarnin da za a bi a tayar da na'ura, bootargs saƙon da za a damƙa wa kanel, bootdelay daƙiƙoƙin da za a jira ko wani zai katse tashin, ethaddr kuma lambar MAC ta na'urar. Idan aka rubuta shi a filash, bayit 4 na farko lambar tantancewa ce ta CRC32, sai sunayen su biyo baya a jere, sifili na raba tsakaninsu. Gaba ɗaya bai cika wuce kilobayit 8 zuwa 128 ba. Saboda ƙanƙantarsa ake raina shi, alhali na'ura mai lafiyayyen kanel da lafiyayyun fayiloli tana iya zama gawa don kawai an ajiye shi inda bai dace ba.

Kafin komai sai a samu hanyar magana da bod. Wayar siriyal mai fulogin USB, ta bolt 3.3, a haɗa TX da RX a gicciye, a haɗa GND, a buɗe taminal a kan saurin 115200. Wanda ya kai ga taɓa env ya riga ya san wannan. Abin da za a zuba wa ido shi ne layin da ke farawa da "Loading Environment from", domin nan U-Boot ke faɗin inda ta je nema. Idan ta biyo shi da OK, ta samu. Idan ta ce "bad CRC, using default environment", to ba ta samu abin da ta yarda da shi ba, ta koma kan saitin da aka gina a jikinta. A sabon bod wannan gargaɗi ba abin tsoro ba ne, ba a taɓa rubuta komai a wurin ba. A bod ɗin da ya yi wata shida yana aiki kuwa, alama ce cewa wani abu ya taka wurin.

Daga nan sai zaɓen irin ma'ajiya. A da ana rubuta wannan a fayil ɗin bod da ke cikin include/configs, amma tun da U-Boot ta ɗauki Kconfig a 2014 aka riƙa kwashe su zuwa can, yanzu make menuconfig ya isa. Zaɓin duk suna farawa da CONFIG_ENV_IS_IN, sai a ƙara MMC, ko SPI_FLASH, ko NAND, ko UBI, ko FAT, ko EXT4, ko EEPROM. Akwai kuma CONFIG_ENV_IS_NOWHERE, wato babu ajiya sam, kullum a tashi da saitin asali. Ina girmama wannan zaɓi fiye da yadda mutane ke yi. Na'urar da ba ta da dalilin canza saiti bayan ta bar masana'anta, barin ƙofar a rufe ya fi, domin wanda ya iya sauya bootargs ya iya buɗe wa kansa na'urar baki ɗaya.

FAT shi ne mafi sauƙi. Env ya zama fayil mai suna uboot.env a sashen farko na katin memori, kamar yadda aka tsara wa Raspberry Pi. Ka zare kati, ka sa a kwamfuta, ka goge fayil ɗin, komai ya koma sabo. Ga ɗalibi da mai gwaji babu kamarsa. Ga na'urar da za a ɗaure a kan turke a bar ta shekaru, ba na so, saboda rubuta fayil a FAT yana taɓa teburin fayiloli, kuma idan wuta ta yanke a tsakiya ɓarnar na iya wuce env ta shafi sashen da kanel ke zaune. Shi ya sa kayan da ake sayarwa suka fi amfani da rubutu kai tsaye a kan filash, ba ta hanyar fayil ba. A nan ne aikin yake.

Rubutu kai tsaye yana bukatar lambobi uku: CONFIG_ENV_OFFSET, nisan wurin daga farkon ma'ajiya, CONFIG_ENV_SIZE, girmansa, da CONFIG_ENV_SECT_SIZE, girman yankin da filash ke shafewa a lokaci guda. Na ukun ne ke kayar da mutane. Filash irin NOR da NAND ba ya yarda a gyara abin da aka riga aka rubuta. Rubutu yana iya mayar da 1 zuwa 0 ne kawai, komawa 1 kuwa sai an shafe yanki guda cur. Kamar allon makaranta ne: idan tawada ta bushe, ba a canza baƙi ɗaya, sai a wanke fuskar allon duka a sake rubutawa. A SPI NOR irin W25Q128 na Winbond, mai megabayit 16, ana shafe kilobayit 4 ko 32 ko 64, gwargwadon umarnin da direba ke aikawa. A NAND da aka fi samu, yankin kilobayit 128 ne.

To a ce env ɗinka kilobayit 16 ne, yankin shafewa kuma 64. Duk lokacin da aka buga saveenv, umarnin ajiye env, kilobayit 64 ake shafewa. U-Boot ba ta da sakaci a nan: a SPI takan kwashe sauran 48 ɗin zuwa RAM, ta shafe, ta rubuta env, ta mayar da su. Amma a tsakanin shafewa da mayarwa, waɗannan bayanan babu su a ko'ina sai a RAM. Idan wutsiyar U-Boot kanta ce ke cikin wannan yanki kuma wuta ta ɗauke a daidai lokacin, na'urar ba za ta sake cewa uffan a siriyal ba, sai an ɗauko furogirama an maƙale cif ɗin an rubuta shi daga waje. Don haka env ya fara daidai kan iyakar yanki, kuma ya mallaki yankin shi kaɗai, ko da kashi uku cikin huɗu zai zauna fanko.

Ni da takarda da biro nake wannan lissafi, kuma na ga tsofaffin hannu da yawa haka suke yi. A ja dogon layi, a sa 0 a farko, a sa 0x1000000 a ƙarshe idan cif ɗin megabayit 16 ne. A duba girman U-Boot da aka harhaɗa yau, a ce kilobayit 700. Kada a liƙa env a bayanta kai tsaye. A bar mata har megabayit 1, env ya zauna a 0x100000, kwafinsa na biyu a 0x110000, kanel ya fara daga 0x120000. Mai kallon kuɗi zai ce an yi asarar sama da kilobayit 300. Abin da ya faru da bod-bod na Allwinner ya isa amsa. A kan katin memori, firosesar tana neman matakin farko na tashi a kilobayit 8, U-Boot ta zauna a 40, env kuma aka sa shi a 544, wato 0x88000. U-Boot tana da filin kilobayit 504 ke nan, kuma lokacin da aka tsara haka ya yi mata yawa. Shekaru suka tafi, ana ƙara mata direbobi da umarni, har ta cika filin ta fara barazanar shiga wurin env, inda saveenv guda zai rubuta a kan jikinta. A farkon 2018 sai da wani injiniya, Maxime Ripard, ya ƙara wa U-Boot damar duba env a wuri fiye da ɗaya, don a kwashe masu waɗannan bod zuwa FAT ba tare da sun rasa tsohon saitinsu ba. Manhaja girma take yi, adireshin da aka sayar da dubban na'urori a kansa kuwa ba ya motsi.

A eMMC da katin memori, kwantirolan da ke cikin cif ɗin ne ke kula da shafewa, sai tarkon ya koma wani wuri. Bayit 512 na farko teburin sassa ne idan MBR ne, GPT kuwa yana cin sakta 34 na farko, kuma sashen farko yakan fara a megabayit 1. Env yana shiga ratar da ke tsakani, ko wani wuri da aka ware masa, kamar yadda Rockchip ke da 0x3f8000. Abin lura, CONFIG_ENV_OFFSET da bayit ake ƙirga shi, umarnin mmc read da mmc write kuma da bulok mai bayit 512. Adireshin 0x88000 a can shi ne 0x440 a nan. Wanda ya rikita su zai shafe wani abu can tsakiyar kati. eMMC yana da ƙananan sassa biyu na musamman, boot0 da boot1, kuma ajiye env a ɗayansu yana kare shi daga wanda zai sake raba babban sashe. NAND kuwa yana fitowa daga masana'anta da matattun bulok, don haka ake ba shi CONFIG_ENV_RANGE, fili mai ɗaukar bulok da yawa, idan na farko ya mutu a tsallaka na gaba. Idan da hali, a sa shi a UBI, ya fi kwanciyar hankali.

Kwafi na biyu da na ambata ba ado ba ne. Idan aka kunna shi, ana ƙara bayit ɗaya bayan CRC wanda ke nuna wane kwafi ne sabo. Saveenv yana rubuta wanda ba a amfani da shi, tsohon na nan daram har sai sabon ya kammala. A NOR bayit ɗin alama ce ta mai aiki da wanda aka ajiye, a NAND da MMC ƙidaya ce mai hauhawa. Sunan zaɓin ya canza tsakanin fitowa da fitowa, a duba env/Kconfig na wadda ake amfani da ita. Kwafin biyu kada su haɗa yankin shafewa, in ba haka ba shafewa ɗaya ta tafi da su tare. Injiniyan da ke zaune inda wuta ba ta ƙiftawa yana iya ɗaukar wannan a matsayin ƙari. Mu da ke sa na'ura inda wuta ke ɗaukewa janareta ya karɓa sau da yawa a wuni, dole ne a gare mu. Haka ma duk mai sabunta manhaja daga nesa da RAUC ko SWUpdate ko Mender, domin a env ake rubuta wane sashe za a tayar da kuma sau nawa aka gwada aka kasa.

A yawancin ƙungiyoyi mutum ɗaya ne ke riƙe da wannan taswira ta adireshin ma'ajiya a kansa. Masu rubuta manhajar da kwastoma ke gani ba su san da ita ba, kuma ba a neman mai ita sai ranar da na'urori suka fara dawowa a kwali. Duk da haka akwai daɗin da ba na samu a wani ɓangaren aikin: ka buga saveenv a bod ɗin da jiya ko numfashi ba ya yi, ka kashe, ka kunna, ka ga OK.

Saura a sanar da Linux. Umarnin fw_printenv da fw_setenv suna karanta /etc/fw_env.config, inda kowane layi ke ɗauke da na'ura, nisa, girman env, da girman yankin shafewa. Kwafi biyu, layi biyu. U-Boot daga farkon cif take ƙirgawa, Linux kuwa idan an ba shi /dev/mtd1 daga farkon wannan sashe yake ƙirgawa, sai 0x100000 na can ya zama 0x0 a nan. Abin da U-Boot ke kira mmc 0 yana iya zama mmcblk2 a Linux. Boot0 kuma a kulle yake zuwa, sai an sa 0 a force_ro kafin ya karɓi rubutu. Girman ma dole ya zo daidai, domin CRC a kan dukan filin ake lissafa shi har da fankon: bambancin bayit ɗaya ya isa a ce env ya lalace. Haɗarin yana nan: idan fw_setenv ya ga CRC bai yi ba, yakan ɗauki saitin asali da aka gina a jikinsa, wanda sau da yawa ba na bod ɗinka ba ne, ya rubuta. Tashi na gaba U-Boot ta tarar da env mai ingantaccen CRC da bootcmd na wata na'ura, ta bi shi. Kada a taɓa fw_setenv sai fw_printenv ya nuna daidai abin da printenv ya nuna a siriyal.

Env da aka ajiye yana rinjayar saitin asali. Ka sa sabuwar U-Boot mai sabon bootcmd, na'ura ta ci gaba da bin tsohon, ka rasa dalili. Maganinsa env default -a sannan saveenv, amma a fara kwafe ethaddr da lambar siriyal a gefe, don su ma tafiya za su yi.

Gwajin ƙarshe shi ne a rubuta ɗan umarni mai maimaita saveenv, a riƙa yanke wuta babu tsari, ana duba ko kowane tashi ya samu env mai kyau kuma U-Boot da kanel ba su canza ko bayit ɗaya ba. Idan ya tsallake wannan, sai a rubuta saitin a fayil, a ba mkenvimage tare da -s don girma da -r idan kwafi biyu ne, a miƙa wa masana'anta hoton da adireshinsa, kowace na'ura kuma a buga mata nata ethaddr kafin a rufe murfi.