Tabar Wiwi Ba Ta Ƙara Basira

Wiwi wani tsiro ne mai ganye yatsu-yatsu. Wanda bai san shi ba sai ya ɗauka rama ce, domin ganyensu ya yi kama. Ana busar da ganyen da furen, a naɗe a takarda, a kunna kamar sigari. A Nijeriya an fi noma shi a ɓoye cikin dazuzzukan jihohin Kudu irin su Ondo da Edo, daga can ake shigo da shi Arewa.

A cikin wiwi akwai wani sinadari da likitoci ke kira THC. Shi ne ke sa maye. Da an zuƙi hayaƙin, cikin 'yan mintoci ya isa ƙwaƙwalwa. Sai ido ya yi ja, baki ya bushe, zuciya ta riƙa bugawa da sauri, ga yunwa da dariya ba dalili.

Binciken da aka yi a shekarar 2018 ya nuna mutum miliyan 10 da dubu 600 ne suka sha wiwi a ƙasar nan cikin shekara guda. Da yawansu tun suna samari suka fara.

Ɗalibi yakan fara ne ta hannun aboki, musamman in ya bar ƙauye ya tafi makarantar kwana ko ta birni. Abin da ake gaya masa shi ne wai tana buɗe kai, karatu ya zauna. Wannan ƙarya ce. Wiwi tana taɓa daidai wurin da ƙwaƙwalwa ke ajiye sabon abu. Yaro zai kwana a kan littafi yana jin ya gane komai, gari na wayewa ya neme shi ya rasa. Ƙwaƙwalwar mutum kuwa ba ta gama ƙosawa sai wajen shekara 25, shi ya sa ɓarnar ta fi yawa ga yara. Cikin kowane mutum 6 da suka fara sha da ƙuruciya, kusan 1 yakan kasa dainawa. Wasu har takan kai su ga taɓin hankali, balle in akwai ciwon a dangi.

Noma wiwi da sayar da ita da shan ta duk laifi ne mai kai mutum gidan yari. Hukumar NDLEA, wadda aka kafa a 1989, ita ke kama masu yi.

Idan yaro ya dawo hutu, iyaye su lura. Jan ido, yawan barci da rana, warin hayaƙi a riga, yawan neman kuɗi da faɗuwa jarrabawa duk abin tambaya ne. Duka da ɗaurin mari ba sa raba shi da ita, sai dai su koya masa ɓoyewa. A zaunar da shi a yi magana, a kuma ga malaminsa. In abin ya yi nisa, a kai shi asibitin ƙwaƙwalwa. Akwai a Dawanau ta Kano, da Barnawa ta Kaduna, da Kware ta Sakkwato, da Maiduguri.