Amsoshin Tambayoyinku: Salansa Na Yoyon Hayaƙi a Bakin Inji

Tambayarmu daga wani direba ce a Magama Jibiya, mai jigilar fasinja zuwa Maraɗi ta Ɗan Isa. Ya ce salansar motarsa tana fitar da hayaƙi daidai inda ta haɗu da inji, shin gam zai shafa ko gasket zai saya?

To malam direba, gasket za ka saya. Zafin wurin nan yakan wuce digiri 600 idan mota ta ɗau kaya, gam ɗin silikon kuwa tun kafin zafi ya kai haka yake ƙonewa. Alamar yoyon ita ce ƙarar "tak-tak" da safe, wadda ke raguwa in inji ya yi zafi, da baƙin tabo gefen notuna.

Amma ka sa bakanike ya duba fuskar ƙarfen da gasket ɗin ke zama a kai. In ta lanƙwashe, sai an goge ta ta daidaita, in ba haka ba sabon gasket ma zai ƙone. Notunan kuma a fara ɗaure na tsakiya.

Kada ka yi jinkiri. Hayaƙin nan yana ɗauke da iska mai guba marar wari, musamman in kuna tsaye a layin kwastan inji na aiki. Don Allah ka gyara kafin ka sake lodi.