Shekarar da Gulbi ya ci gari

Wata yarinya ƴar aji biyar tana zaune a Maraɗi. Ran nan yayanta ya nuna mata salsalar gidansu cikin salula. Ɗan baffansu na Yamai ne ya rubuta ta a intanet. Ya sa an haifi kakansu a 1948, ƙanensa kuwa a 1947. Ƙane ya zama wa! Ga shi kuwa wa ne ke riƙe da gandu.

Yarinya ta tafi wurin yayar kakan.

— Kaka, yaushe aka haifi Malam?

— Shekarar da Gulbi ya ci gari. Ni na goye shi muka hau tudu.

Da safe ta tambayi mushe. Ya ce a 1945 ne ruwa ya ci tsohon garin Maraɗi, mutane suka bar fadama.

To, ina 1948 ta fito? Daga takardar haihuwa. Sai da za a sa shi lakwal aka yi ta, aka rage masa shekaru.

Suka aika wa ɗan baffa bayani, ya gyara.

Tambayoyi
1. Me ya sa takarda ta saɓa da maganar tsohuwa?
2. Me ya faru shekarar da aka haifi kakanka?