Mai Babur, Lamba Nawa Kake Ciki?

Jama'ar Tasawa da Mayahi, wannan takarda taku ce, musamman 'yan kabu-kabu, da malaman makaranta masu kwana a gari su yi sammakon ƙauye, da 'yan kasuwar da ke bin kasuwanni da kaya a bayan babur. Abin da muke so mu ja hankalinku a kai ƙarami ne a ido: mahayi ya san lambar giyar da yake ciki a kowane lokaci, ya kuma sauya ta tun hanya ba ta tilasta masa ba. Kullum ana yi mana gargaɗin hular kwano da rage gudu, kuma gaskiya ne, domin Hukumar Lafiya ta Duniya ta faɗa a rahotonta na 2023 cewa wajen mutum miliyan 1.19 ke rasa rai a kan hanyoyi duk shekara, in kuwa aka auna da yawan jama'a, Afirka ta fi ko'ina asara. Sai dai ƙafar hagu, wadda ƙarfin injin ke ƙarƙashinta, ba kasafai ake zancenta ba.

Ku sani injin yana da iyakar juyin da yake aiki lafiya a cikinsa. In ya yi ƙasa da haka sai ya shaƙe, in ya wuce sai ya yi ta kururuwa yana cin kansa. Aikin giya shi ne daidaita wannan juyi da juyin tayar baya. A lamba ɗaya injin zai juya sau da yawa kafin taya ta zagaya sau guda, shi ya sa akwai ƙarfi babu sauri. A lambar ƙarshe akwai sauri, ƙarfin kuwa ya ragu. Lamba ɗaya san amalanke ce, lambar sama dokin sukuwa. Wanda ya ɗaura wa doki amalanken taki a cikin jigawa, kada ya ga laifin dokin.

To, ƙasarmu hanya iri biyu gare ta, kowace da abin da take nema. Akwai kwaltar da ta taso daga Maraɗi ta bi ta Cadawa da Gazawa, ta ratsa Tasawa, ta wuce Maijirgi zuwa Damagaram. A kanta manyan motoci ke gudu, kuma a nan ne rashin sanin lamba ke yin kisa. Mahayi yana bin bayan babbar mota a hankali, alhali ƙafarsa ta bar babur a lambar ƙarshe tun can baya. Ya leƙa ya ga fili, ya fito zai wuce, ya murɗa wuta, babur ya ƙi tashi, sai wani gurnani yake yi. Ga shi gefe da gefe da tayoyin mota, ga wata ta ɓullo daga gaba. Da ya sauko lamba guda tun yana baya, da tuni ya wuce ya koma hannunsa. Haka ma wajen shan kwana da shiga gari: a rage gudu, a sauko da lamba, sannan a karkata. Mai sauya giya a tsakiyar kwana yana girgiza tayar baya daidai lokacin da ta fi bukatar kama ƙasa.

Da zarar an sauka daga kwalta an nufi ƙauyukan Urafan, ko Korgom, ko Kanambakashe, ko an gangara fadamar Gulbin Kaba, sai yashi ya karɓi mulki. Ku tsaya wata rana a bakin wani yashi mai zurfi ranar kasuwa, ku kalli masu zuwa. Ga saurayi nan ya ɗauko buhun hatsi, ya ɗora fasinja a kai, ya taho a lamba huɗu. Tayar gaba tana nutsewa sai injin ya fara tari. Sai a lokacin ya tuna da giya, ya matse kuloci, ƙarfin da ke tura babur ya yanke gaba ɗaya, nauyi ya koma gaba, kan babur ya fara rawa, ƙafafu biyu suka sauka suna share yashi. In ya yi sa'a ya tsaya cik. In bai yi ba, salansa mai zafi ta kwanta a ƙwaurin fasinja. Ku dubi dattijon da ya biyo bayansa. Tun da sauran taku ashirin ya sauko lamba biyu, ya ja da baya kaɗan a kan kujera, ya riƙe wuta daidai ba ƙari ba ragi, bai taɓa birkin gaba ba, bai kuma sake taɓa giya ba sai da ya taka ƙasa mai tauri. Ba ƙarfin hannu ya fi saurayin ba, ya riga shi yanke shawara ne kawai. Da damina ma haka ake ƙetare ruwan da ya kwanta a hanya: lamba ɗaya, wuta a riƙe, in dai an tabbata zurfinsa bai kai inda injin ke shaƙar iska ba. In ya kai, a sauka a nemi wata hanya.

Yanzu ga abin da ya fi tayar mana da hankali. Baburan da ke hannunmu ba tsari ɗaya gare su ba. Akwai Boxer na Indiya, akwai Haojue da Kasea da sauran na China, waɗanda da yawansu an ƙera injinsu ne a kan zubin CG125 da kamfanin Honda na Japan ya fitar a 1975. A wani babur lamba ɗaya ƙasa take, sauran duk sama, firi yana tsakanin ɗaya da biyu. A wani duk lambobin ƙasa ake takawa. Akwai kuma mai zagaye, wanda in ka kai lambar ƙarshe ka sake takawa sai ya koma firi, ka ƙara takawa ya faɗa lamba ɗaya. Wasu an yi musu kariya, ba sa zagayawa sai an tsaya, wasu kuwa babu ruwansu. Ku auna mutumin da yake gudun kilomita 70 a kwalta, ya manta ya riga ya kai ƙarshe, ya taka yana neman ƙari. Injin ya yi ihu a banza, shi kuma ya zaci giyar ce ba ta shiga ba, ya ƙara takawa ya saki kuloci. Tayar baya za ta ƙame ta ja ƙasa, babur ya juya masa gindi. Jama'a su taru a ce hanya ce, ko a ce taya ce, alhali lissafi ne ya ɓace masa. Saboda haka duk wanda ya ari babur, ko ya karɓi sabo daga hannun maigidansa, ya tambaya tukuna yadda giyarsa take, ya gwada ta a fili kafin ya ɗauki ɗan mutum. Tambayar ba ta rage wa kowa girma.

Wani zai ce ai akwai fitilar da ke nuna lamba a kan allo. Akwai, amma ƙura da rana da girgizar hanya sukan kashe ta tun babur bai tsufa ba, da tsakar rana kuma ko tana aiki da ƙyar ake ganinta. Abin dogara shi ne ƙirga a zuci da kuma kunne. Injin da aka matsa wa a lambar sama yakan yi ƙwanƙwasa, sarƙa ta riƙa fizga, kana jin haka ka sauko. In ya yi ƙara mai tsini babu ƙarin tafiya, ka hau. Mai toshe kunnuwansa da waƙar waya yana tuƙi ya rufe wa kansa wannan ƙofa. Mai koya wa yaro babur kuma ya zauna bayansa a fili, lokaci zuwa lokaci ya dafa kafaɗarsa ya ce, "Kai, lamba nawa?" In yaron ya duba ƙasa kafin ya amsa, da saura, kada a ba shi kwalta.

Sai batun tsimin mai. Tun da Najeriya ta janye tallafin fetur a watan Mayu na 2023, man kwalba da aka saba saye a bakin hanya ya daina araha, ɗan kabu-kabu kuma dole ya yi lissafin kowace lita. Ba mu ga laifinsa ba. Amma dabaru biyu da ake yi da sunan tsimi asara ce. Ta farko, gaggawar hawa lambar ƙarshe tun babur bai ɗauki gudu ba; wannan yana sa a murɗe wuta sosai, injin ya yi zafi, ga shi iska ce kaɗai ke sanyaya shi, ga ranar bazara da ke haura digiri 40. Ta biyu, jefa babur a firi a gangara, wasu har da kashe injin. Man da aka tsira da shi bai taka kara ya karya ba, amma an rasa riƙon da injin ke yi wa taya, an bar wa birki aikin shi kaɗai. In akuya ta gifta babu ƙarfin kaucewa, kuma a babura da yawa injin na mutuwa fitilar gaba ke bin sa, abin da ba ƙaramin ganganci ba ne da almuru.

Wanda yake shakka ya je rumfar bakanike ya roƙi a nuna masa faifan kuloci da aka cire. Zai ga sun yi baƙi, sun yi sulɓi, suna warin ƙuna. Yawanci aikin mai tashi da kaya a lamba biyu ne, ko mai riƙe kuloci rabi da rabi cikin yashi don ƙyashin saukowa lamba ɗaya. Tun da an je rumfar, a sa bakanike ya duba hannun kuloci, ya bar masa sako-sako kamar faɗin yatsa a bakinsa kafin ya fara ja. A miƙe ƙarfen giya in faɗuwa ta lanƙwasa shi, a ɗaure sarƙa daidai. A canza baƙin mai da irin na babur, domin a waɗannan injuna mai guda ne ke wanke injin da giya da kuloci, wani man mota kuwa yakan sa kuloci zamewa. A kuma sayi ƙwan koriyar fitilar firi in ya mutu, kuɗinsa bai kai na faifan kuloci guda ba.