Matacin Mai a Injin Feshi: Aikinsa da Yadda Ake Sauya Shi

Gabatarwa

A ƙasashen Turai da Amurka akwai wani ɗan inji da ake goyawa a baya, mai hura iska da ƙarfi, wanda ake kore busassun ganyaye da shi daga farfajiyar gidaje. A ƙasar Hausa tsintsiya ce ke wannan aiki. Amma akwai ɗan'uwansa mai ƙira iri ɗaya, wanda aka ƙara wa tankin magani, wato injin feshi na goyo mai amfani da fetur. Manomin wake ko auduga a Ruwan Bore da sauran ƙauyukan Gusau da Tsafe da Bunguɗu ya san cewa idan wake ya fara fure, kwanakin feshi ƙidayayyu ne. In inji ya ƙi tashi a wannan mako, tsutsa ba ta jiran a dawo daga wurin bakanike. Haka abin yake ga mai masara tun daga shekarar 2016, lokacin da aka fara ganin baƙuwar tsutsar nan mai cin masara a Nijeriya.

Sau da yawa abin da ke tsayar da injin bai kai ɗan yatsa tsawo ba. Shi ne matacin mai, wanda makanikai ke kira filta. Hausawa sun ce ɗan hakin da ka raina shi ke tsone maka ido.

Tafiyar mai daga tanki zuwa silinda

Yawancin injinan feshi na goyo masu bugu biyu ne, wato fistan yana hawa sau ɗaya ya sauka sau ɗaya a kowace ƙonawa. Irin wannan inji ba shi da wurin zuba baƙin mai dabam. Ana gauraya man da ke sulɓa masa ƙarafa ne a cikin fetur. A injinan zamani ma'aunin shi ne kashi 1 na man gauraye cikin kashi 50 na fetur, wato mililita 20 a kowace lita. Wasu injinan kuwa suna bukatar kashi 1 cikin 25, wato mililita 40 a lita. Littafin da ya zo tare da inji shi ke faɗin wanda ya dace.

Daga tanki, mai yana bin wani siririn tiyo zuwa kafireto. A nan ne yake fita ta wata ƙofa da ba ta kai milimita ɗaya faɗi ba, ya gauraya da iska, ya shiga silinda, fulogi ya kyasta masa wuta. Ƙonawa tana cika ne idan an sami kimanin giram 14.7 na iska ga kowane giram ɗaya na fetur. Ƙwayar yashi guda ta isa ta toshe wannan ƙofa ta ɓata lissafin duka. Domin haka aka sa mataci a bakin tiyon da ke cikin tanki. An yi shi da matsattsen zare ko roba mai ƙananan ƙofofi, aka kuma ƙara masa nauyi, don duk inda mai feshi ya karkata, matacin ya bi man zuwa ƙasan tanki.

Misali daga jikin ɗan Adam

Ɗalibin ilmin halittu ba baƙo ba ne ga wannan dabara. Gashin hanci da majina suna tare ƙura kafin ta kai huhu. Kowace ƙoda tana ɗauke da ƙananan matatai kimanin miliyan ɗaya, kuma ƙodojin biyu suna tace ruwan jini wajen lita 180 a kowace rana, suna hana ƙwayoyin jini wucewa saboda girmansu. Ƙa'idar ɗaya ce: abin da ya fi ƙofa girma ba ya wucewa.

Ana auna irin waɗannan ƙananan abubuwa da maikuron, wato kashi ɗaya cikin dubu na milimita. Kaurin gashin kai ya kai kimanin maikuron 70, jar ƙwayar jini kuwa 7 zuwa 8. Idon mutum ba ya rarrabe abin da ya gaza maikuron 40 ko kusa da haka. Saboda haka man da ake gani garau a kwalba yana iya ɗauke da datti mai yawa.

Sai dai akwai bambanci babba. Jiki yana sabunta majinarsa, yana kuma fitar da abin da ya tare. Matacin inji ba shi da rai. Duk abin da ya kama yana nan maƙale da shi har ranar da ƙofofinsa za su cike.

Daga ina dattin yake fitowa?

Na farko, ƙura. A lokacin hunturu iska tana kwaso ƙura daga Hamadar Sahara, musamman daga kwarin Bodele da ke ƙasar Cadi, ta lulluɓe Arewa da ita. Duk sa'ad da aka buɗe tanki ko jarka, wani abu yana faɗawa ciki. Na biyu, tsatsar tsofaffin durum da galan na ƙarfe. Na uku, hannun da mai ya bi. A ƙauyen da ba gidan mai, fetur yakan sauka daga jarka zuwa galan, daga galan zuwa kwalba a wurin 'yan bumburutu, kowane mazubi da nasa guzurin. Na huɗu, tsufan man kansa: idan fetur ya yi watanni a ajiye, sassansa marasa nauyi sukan tashi, sauran ya haɗu da iska ya zama wani danƙo mai liƙe ƙofofi.

Na biyar shi ne ruwa. Lita ɗaya ta ruwa tana da nauyin kilo ɗaya, ta fetur kuwa kimanin giram 740. Don haka ruwa yakan kwanta a ƙasan tanki, daidai inda mataci yake. Inda ruwa ya haɗu da mai kuma, wasu halittu kan samu wurin zama. Akwai wata funfuna mai suna Hormoconis resinae wadda ke rayuwa a tsakanin ruwa da mai tana cin man, har ta shahara wajen toshe matatan jiragen sama. Ita da wasu bakteriya sun fi yawaita a kananzir da man dizal fiye da fetur, abin da ya kamata masu injin niƙa da tarakta su lura da shi.

Abin da mataci ba ya iyawa

Mataci yana tare abin da ke yawo a cikin mai, ba ya tare abin da ya narke a cikinsa. A farkon shekarar 2022 an shigo da fetur Nijeriya daga tashar jiragen ruwa ta Antwerp a ƙasar Beljiyam, wanda sinadarin metanol ya yi wa yawa. Motoci da dama sun lalace, aka kuma yi makonni ana layin mai. Babu matacin da zai iya raba metanol da fetur, kamar yadda rariya ba ta raba gishiri da ruwan da ya narke a ciki.

Alamomin toshewa

Inji yakan yi wuyar tashi. In ya tashi, yakan yi aiki lafiya a hankali, amma da zarar an ba shi wuta sai ya shaƙe ko ya mutu, domin man da ke ratsa matacin bai isa babban aiki ba. Iskar da yake hurawa takan ragu, feshi ya daina kai wa nesa.

Haɗarin bai tsaya nan ba. Tun da man sulɓi yana tafe ne cikin fetur, ƙarancin fetur yana nufin ƙarancin sulɓi. Inji yakan yi zafi fiye da kima, fistan ya goge bangon silinda, wani lokaci ya kame gaba ɗaya. Kuskure mafi muni shi ne a cire matacin a jefar, a bar tiyo haka nan saboda inji ya tashi. Zai tashi ɗin, amma dattin da ake tarewa a tanki yanzu kafireto zai nufa. Tun da aka janye tallafin mai a ranar 29 ga Mayu, 2023, kowace lita ta ƙara daraja, kuma injin da ba ya ƙona mai daidai asara yake jawowa a kullum.

Yadda ake sauya shi

1. A kashe inji, a bar shi ya huce, a cire hular fulogi. A yi aikin a fili, nesa da murhu, fitila ko taba.
2. A wanke tankin maganin feshi tukuna, a sa safar hannu.
3. A goge kewayen murfin tankin mai kafin a buɗe, sannan a juye man cikin mazubi mai tsabta.
4. A lanƙwasa bakin waya mai tsabta kamar ƙugiya, a zura a tanki, a kamo tiyon a jawo shi waje a hankali har matacin ya fito.
5. A riƙe tiyon da yatsu don kada ya koma ciki, a murɗa tsohon matacin a zare shi.
6. A duba tiyon. In ya tsage, ya ƙage ko ya yi laushi kamar danƙo, shi ma a sauya shi.
7. A cusa sabon mataci mai girma daidai da tsohon har bakinsa ya shige duka. A mayar da shi, a jijjiga tankin a tabbata yana kaiwa ƙasa.
8. A zuba sabon mai ta mazurari mai rariya, a rufe. In injin yana da 'yar robar jawo mai, a matsa ta har mai ya bayyana a ciki.
9. A mayar da hular fulogi, a matsa aƙalla mita 3 daga inda aka zuba mai, sannan a tayar.

Masu ƙera waɗannan injina sukan ba da shawarar a sauya mataci sau ɗaya a shekara. Inda ƙura ta yi yawa, gara a duba shi a farkon damina da kuma farkon noman rani. Injinan ban ruwa da ake gani a fadamun Kogin Sakkwato, daga Gusau zuwa Bunguɗu, yawancinsu masu bugu huɗu ne. Nasu matacin rariya ce a bakin tanki da wani ɗan kofi a ƙarƙashin famfon mai, kuma su ana iya kwance su a wanke.

Kiyaye lafiya

Kada a zuƙi fetur da baki, kada kuma a hura tsohon mataci da baki. Ɗan kaɗan in ya kuskure ya shiga huhu yana haddasa kumburi mai tsanani. Fetur yana kuma ɗauke da sinadarin benzin, wanda aka tabbatar yana jawo sankarar jini. Gurɓataccen mai ba a zubar da shi kusa da rijiya ko rafi.

Aiki ga ɗalibai

Malami na iya gwada wannan darasi ba tare da fetur ba. A samo kofi biyu na ruwa, a zuba yashi a ɗaya, gishiri a ɗaya, a tace kowanne da farin ƙyalle. Wanne ne ƙyallen ya tsabtace? A ci gaba da zuba ruwan yashi a ƙyalle guda, ana auna daƙiƙun da kowane kofi ke ɗauka kafin ya tsiyaye, a zana sakamakon a jadawali. Daga nan ɗalibai su amsa: mililita nawa na man gauraye ake bukata ga lita 5 na fetur a ma'aunin 1 cikin 50? Don me toshewar mataci ta fi illa ga inji mai bugu biyu? Wanda ya amsa waɗannan daidai, ya isa ya duba injin gidansu kafin wake ya yi fure.