TUWO DA MAI DA HAWAN JINI

Hawan jini ciwo ne mai shiga jiki a ɓoye. Mutum yakan yi shekaru da shi bai sani ba, sai ran da ya taɓa zuciya ko ƙoda, ko ya jawo shanyewar ɓarin jiki. Likitoci suna cewa jini ya hau idan awonsa ya kai 140 bisa 90, aka kuma sake aunawa wata rana aka tarar haka. Abin da ake ci kullum yana da hannu cikin wannan al'amari.

A Zonkwa da sauran ƙasar Zangon Kataf, yawancin cimar jama'a acca ce da dawa da masara da doya da gwaza. Waɗannan su ake kira abinci mai ba da ƙarfi, kuma manomi ba ya iya aiki sai da su. Illarsu tana zuwa ne idan tuwo ya cika kwano, miya kuwa 'yar kaɗan.

Mai kuma iri biyu ne. Akwai mai daskarewa da hunturu, watau kitse da man shanu da manja. Akwai wanda ba ya saurin daskarewa, kamar man gyaɗa da na riɗi da na waken soya. Na biyun ya fi dacewa da jijiyoyin jini.

A 2005 aka bayyana sakamakon wani gwaji da masana na Jami'ar Johns Hopkins da abokan aikinsu suka yi a Amurka kan mutum 164. An ba su abinci mai yawan ganye da 'ya'yan itatuwa, jininsu ya sauka. Da aka rage abinci mai ba da ƙarfi daga kashi 58 cikin 100 zuwa 48, aka cike gurbin da man zaitun da makamantansa, sai lambar sama ta awon masu hawan jini ta daɗa sauka da kusan maki 3. Lalle a lura, musanya aka yi, ba ƙari ba. Mai yana sa ƙiba, ƙiba kuwa tana hawar da jini.

Saboda haka ana ba jama'a shawara kamar haka:

1. A rage malmalar tuwo kaɗan, a ƙara miyar ganye da wake.
2. A rage manja da kitse, a yi miya da gyaɗa ko riɗi.
3. A rage sukari da lemon kwalba.
4. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kada gishirin da babba zai ci a yini ya kai giram 5, watau kimanin ƙaramin cokalin shayi guda. Dunƙulen miya da kanwa su ma a sassauta musu.
5. Wanda likita ya ɗora kan magani kada ya daina sha don ya gyara cimarsa.

Kowane magidanci da uwargida su riƙa zuwa asibiti mafi kusa, a Zonkwa ko Kafanchan, a auna jininsu ko da ba sa jin ciwon komai. Rigakafi ya fi magani.