Ku Kai Yara Su Hau Tudun Yashi

'Ya'yana mazauna Nguru da Gashuwa, na lura duk sa'ad da makaranta ta ba da hutu, yara kan wuni a ɗaki suna latsa waya, ku kuma kuna cewa babu wurin zuwa. Wasu ma kan ce ai ba mu da duwatsu irin Dala ta Kano ko Kufena ta Zariya, balle a je hawa. Gaskiya ne ƙasarmu shimfiɗaɗɗiya ce, amma Allah Ya ba mu namu rabon: tuddan yashi na Tulo-Tulowa da Bulatura a ƙaramar hukumar Yusufari, arewa da Gashuwa, wajen iyakar Nijar. Bulatura ɗaya ce daga sassa uku na Gandun Dajin Ƙasa na Yankin Tafkin Chadi, wanda aka kafa a 1991. Sauran biyun su ne fadamun Bade da Nguru, inda tafkin tsuntsaye na Dagona yake, da Chingurmi-Duguma a Jihar Borno. Baƙi na tasowa daga nesa su zo kallo, mu da abin ke bakin ƙofarmu ba mu kai 'ya'yanmu ba.

In za ku je, ku zaɓi lokacin sanyi, daga Nuwamba zuwa Janairu, a ranar da hazo bai yi kauri ba. Kada ku kuskura ku kai yara a bazara. Ku nemi mota mai iya ratsa yashi da direban da ya san hanya. Kafin ku tashi ku tambayi ma'aikatan gandun halin da hanyar ke ciki, in kun isa kuma ku fara gaida bulama ko lawanin garin, ya haɗa ku da ɗan jagora. Ku riƙe ruwa fiye da yadda kuke zato za ku sha, da ɗan guzuri na dabino da ƙuli-ƙuli. A sa wa yara takalmi sau-ciki saboda ƙarangiya da kunama, da hula ko mayafi saboda ƙura.

Ku soma hawa da sanyin safiya, domin da hantsi ya ɗaga yashin zai fara ƙona ƙafa. Tudun yashi fuska biyu gare shi. Gefen da iska ke bugowa a kwance yake, yashinsa ya danƙare, ƙafa ba ta nutsewa sosai. Ɗaya gefen a tsaye yake, yashinsa ruɓu-ruɓu, kana taka shi yana zamewa da kai. Ku hau ta gefen farko, in kun kai doron tudun ku bi shi har ƙoli.

Ga inda nake so ku buɗe kunne. Hawan gajere ne, amma gajartarsa ga babba ce. Yaro ɗan shekara biyar, in ya yi taku uku yashi ya cinye masa ɗaya, ga haki, ga ƙishirwa. Saboda haka ƙaramin cikinku shi ne zai shige gaba, kowa ya bi takunsa. In ya tsaya, ku tsaya. In ya zauna ya ɗebi yashi yana zubarwa ta tsakanin yatsu, ko ya tsuguna yana bin sawun ƙwaro da ido, ku ƙyale shi, abin da ya kawo ku ke nan. Kada uba ya yi gaba ya bar uwa da goyo a baya. Kada a ce wa yaro raggo don ya gaji, wannan kalma takan daɗe a zuciya. Sannu ba ta hana zuwa.

In kun kai sama, ku zaunar da su, ku nuna musu kwarin da ke ƙasa: goruba da dabino kewaye da ruwa, farar kanwa a bakinsa, raƙuma da awaki na zuwa sha. Sannan ku nuna musu inda yashi ya gangaro yana danne gonaki da itatuwa. Ku ba su labarin farin 1973 da na 1984, ku faɗa musu cewa saiwar itace da ciyawa ce ke riƙe yashi, in an sare an kiwace, iska ta samu hanya. A makaranta ana karanta musu kwararowar hamada, amma gani ya kori ji. Yaron da ya ga haka da idonsa ba zai yi wa itace wasa da gatari ba.

Wajen saukowa ku tattara ledojinku, domin dabbobin mutanen wurin kan haɗiye su su mutu. Kada ku ɗauki hoton kowa sai da izininsa, kuma ku sallami ɗan jagora da abin kirki. Ku kamo hanyar gida tun rana ba ta yi sanyi ba.

'Ya'yana, kuɗin mota da wuni guda kawai abin zai ci muku. Ku haɗa gida biyu ko uku, ku yi karo-karo, ku kai yaran nan a hutun sanyi mai zuwa. Allah Ya kai ku lafiya, Ya dawo da ku lafiya.